Tambayoyinku da Amsoshinmu: Me Bature Ke Nufi da "Keep Abreast Of"?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karo yawancinsu daga Jos suka fito, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: salon maganar da Turawa ke yi idan suna son mutum ya san halin da ake ciki. Irin waɗannan kalamai suna da yawa a Turanci, kuma kowanne da inda ya dace da shi. Abin da ya bambanta su shi ne hanyar da labarin ke iso wa mutum: ko shi ya tashi ya nema, ko ya tsinta a bakin mutane, ko kuwa wani ne ya ga dama ya sanar da shi. Da wannan ma'auni za mu amsa tambayoyin.

Tambaya: An manna wata takarda a wurin aikinmu da ke cewa, "All staff should keep abreast of the new guidelines." Na duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ƙamus, sai na ƙara rikicewa. Me ake so mu yi? Daga wani ma'aikaci a Nasarawa Gwong.

Amsa: Malam, abin da ake so shi ne ku riƙa bibiyar sababbin ƙa'idojin, duk lokacin da aka ƙara wani abu ko aka sauya, ya zamana kun sani. Duba kalma ɗaya bayan ɗaya ba zai fisshe ka ba, domin salon magana a dunƙule ake fahimtarsa. Ka ɗauki namu na Hausa: wanda ya fassara wa baƙo "ya sha kashi" ko "ya ci amana" kalma bayan kalma, ai ya ɓatar da shi.

Amma sanin tushen kalmar yana taimakawa ƙwarai. "Abreast" haɗin abu biyu ne: ɗan harafin "a" na farko, wanda a tsohon Turanci yake nufin "a kan" ko "a cikin", sai "breast", wato ƙirji. Wannan "a" ɗin shi ne a "asleep", mai barci, da "ashore", a bakin gaɓa. Kalmar tana Turanci tun ƙarni na 15, kuma ma'anarta ta asali ita ce a jere, ƙirji daidai da ƙirji, ana fuskantar wuri ɗaya. Har gobe ana amfani da ita haka. Idan aka ce "The pupils walked three abreast", ana nufin ɗalibai sun jero uku-uku suna tafiya. Ka tuna mahaya a hawan salla, idan suka jera dawakai suka taho babu wanda ya wuce wani. Mu kafaɗa muke dubawa mu ce kafaɗa da kafaɗa, su kuwa ƙirji suka duba.

Daga ƙarni na 17 ne aka fara aron kalmar ana ɗora ta a kan ilimi da labari. An ɗauki al'amura kamar abin da ke tafiya, kai kuma kana gefensa, duk takun da ya yi ka yi. In ka tsaya, ya wuce ya bar ka. Wannan ne ya sa "keep" ke gaba, domin a nan ma'anarsa ci gaba da kasancewa a wani hali. Ana kuma cewa "stay abreast of", duk ɗaya ne.

Wannan hoto na tafiya shi ke nuna maka inda salon zai shiga da inda ba zai shiga ba. Sai abin da ke motsi, yana sauyawa: labarai, farashi, dokoki, fasaha, binciken likitoci. Shi ya sa za ka fi ganinsa tare da "developments", "changes", "events" da "trends". Ba a cewa mutum ya yi "keep abreast of" sunan babban birnin Filato, domin Jos tana nan inda take. Haka ma abin da ya faru sau ɗaya ya wuce: in hatsari ya auku jiya a kan titin Bauchi ka ji labari, "I heard about it" za ka ce. In kuma an riga an bar ka a baya, misali ka dawo daga hutun wata guda, ba ka kai ga "keep abreast" ba tukuna. Sai ka fara da "catch up", ka cim ma tafiyar, sannan ka jera da ita.

A Hausa, gwargwadon zancen, za a ce a riƙa bibiya, ko a san halin da ake ciki, ko a san inda aka kwana. Idan kuma "keep abreast of the times" aka ce, to tafiya da zamani ke nan. Abu na ƙarshe da ya kamata ka lura da shi a takardar nan: nauyin a kanku aka ɗora shi. Ba a yi alkawarin za a bi kowa a gaya masa ba. Ranar da aka tambaye ka, "ban sani ba" ba za ta zama uzuri ba, don haka ka nemi kwafin ƙa'idojin, ka duba ranar da ke jikinsa, ka kuma tambayi inda ake manna gyare-gyare.

Tambaya: Ina shirin rubuta WAEC. Malaminmu ya ce "keep abreast of", amma a jaridu da rediyo ina yawan jin "keep abreast with". Wanne zan rubuta? Daga wani ɗalibi a Anguwar Rogo.

Amsa: Ka bi malaminka, ka rubuta "of". Shi ne abin da ƙamusoshin koyon Turanci na Oxford da Cambridge suka kawo, kuma shi mai duba takardarka ke sa ran gani. Gaskiya ne akwai ƙamus da ke kawo "with" a matsayin wata hanya, kuma ana jin sa sosai a Nijeriya, amma "of" babu wanda zai ja da kai a kansa, a nan ko a waje.

Dalilin da "with" ke zuwa bakinmu da sauƙi biyu ne. Na farko, 'yan'uwansa da ke kusa da shi a ma'ana duk "with" suke ɗauka: "keep up with", "keep pace with", "keep in touch with". Sai harshe ya ɗauko na wancan ya liƙa wa wannan. Na biyu, Bahaushe "da" yake cewa: tafiya da zamani, kafaɗa da kafaɗa da wane. Kuma tun daga firamare an koya mana cewa "da" shi ne "with". Maganinsa shi ne ka haddace kalmomin uku a matsayin abu guda, kamar yadda ka haddace "in sha Allah" ba tare da ka rarraba ba.

Akwai kurakuran da suka fi wannan muni, kuma su ne suka fi cin maki. Babbansu mayar da "abreast" aikatau. Za ka ji an ce "to abreast you of the situation" ko "abreast yourself with the rules", har da "I was abreasted". Duk ba Turanci ba ne. Kalmar ba ta aiki ita kaɗai, sai ta jingina da "keep", "stay" ko "be". Daidai shi ne "to keep you abreast of the situation", da "keep yourself abreast of the rules", da "I am abreast of the matter". Ka lura da inda mutumin yake shiga: tsakanin "keep" da "abreast". Sauyin lokaci ma a kan "keep" yake sauka: "she keeps", "they are keeping", "we kept", "he has kept". Babu "keeped". Sai kuma raba kalmar gida biyu a rubuta "a breast", wanda ke sauya ma'anar gaba ɗaya zuwa abin da ba ka nufa ba.

Ga abin da ya sa muka matsa a kan waɗannan ƙananan abubuwa. Insha'in WAEC kalma kusan 450 ake nema, kuma maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da haruffa da alamomin rubutu. A wannan goman na ƙarshe rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, ka ga kuskure 20 ya cinye su duka. Salon magana in ya zauna daidai yana ƙara maka a ɓangaren sarrafa harshe, in ya karkace kuma ya ja maka asara. Shawararmu, sau ɗaya ya isa a insha'i guda, kuma a wasiƙar hukuma ko muƙala ya fi dacewa. A wasiƙa zuwa ga aboki yana da nauyi, "keep up with" ya fi sauƙi a can. In kana kokwanto a ɗakin jarrabawa, rubuta "stay informed about", ma'anar ɗaya ce kuma babu tarko a ciki.

Tambaya: Ina koyar da Turanci a aji uku na ƙaramar sakandare. Duk ranar da na rubuta "abreast" a allo sai yara su kama dariya suna sunkuyar da kai, ni ma har na fara kauce mata. Kuma yaya ainihin furucinta? Daga wata malama a Gangare.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, kada ki kauce mata. Kalma ce mai tsabta, ana jin ta a majalisa da kotu da huɗubar coci, babu wani abin kunya da Bature ke ji a cikinta. Yaran sun san ma'ana ɗaya ce kawai ta "breast", ba su san cewa tana nufin ƙirjin kowa ba, namiji da mace, har da tsuntsu. Kafin ki rubuta kalmar, ki fara da waɗanda ba za su ba su dariya ba: "breast pocket", aljihun gaban riga, da "breaststroke", wani salon iyo, da "breastbone", ƙashin ƙirji. Daga nan ki kira yara uku su jera a gaban aji su yi taku biyar tare, ki ce wa ɗaya ya tsaya sauran su ci gaba. Ki tambayi ajin wa aka bari a baya. A nan ne za ki rubuta kalmar, sun riga sun ga ma'anarta da idonsu.

Furuci kuwa, gaɓa biyu ce, kuma nauyin yana kan ta biyu. Ta farko gajeren sauti ne da ba a buɗe baki sosai, ta biyu kuma "brest". Wannan "ea" ɗin irin na "bread" da "head" ne, ba irin na "beast" ba, don haka ba "abrist" ba ne.

Inda ɗan Hausa ke tuntuɓe shi ne haɗuwar baƙaƙe. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu irin "br", sai ta cusa wasali a tsakani. Haka muka samu burodi da birki da buroshi, kuma a Hausa daidai ne. A Turanci ne yake zama matsala, sai ki ji yaro ya ce "abirest" ko "aburesti". Ki koyar da ita daga baya zuwa gaba: su ce "rest" sau biyar har "t" ɗin ƙarshe ya fito, sannan su haɗe leɓɓa kafin su faɗa, ya zama "brest", sannan a ƙara ɗan sautin farko. Daga ƙarshe su haɗa da "of" a numfashi ɗaya, domin "t" ɗin yana zarcewa ne cikin kalmar da ke biye. Su kuma sani cewa "f" na "of" kamar "v" ake furta shi, wanda shi ma babu shi a Hausa, sai an sa haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Minti biyar a farkon darasi, kwana uku a jere, yakan wadatar.

Tambaya: Ina sana'ar kayan gwari da dankalin Turawa. Wani da nake aika wa kaya a kudu ya turo mini saƙo ya ce, "Alhaji, keep your ear to the ground." Yarona ya ce wai in kasa kunne. Shin daga Hausa suka ɗauka ne, tunda ga kunne ga ƙasa? Daga wani ɗan kasuwa a Farin Gada.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, yaron ya fassara da kyau, sai dai kamannin da kuka gani dacewa ce kawai. "Kasa" na kasa kunne ba ƙasar da muke takawa ba ce. Aikatau ne, shi ne wanda kuke yi kullum in kun kasa tumatir ko albasa kashi-kashi. A baki ma sun bambanta, ɗaya da "k" ɗaya da "ƙ", rubutun waya ne da ba a sa ƙugiya ya sa suke kama da juna. Na Turawa kuwa ƙasar ce da gaske. Salon ya yaɗu daga Amurka a ƙarni na 19, daga dabarar kara kunne a ƙasa domin a jiyo sukuwar dawakai tun suna nesa, kafin ido ya hango su.

Daga nan za ku gane bambancinsa da "keep abreast of". Wancan bibiyar abin da ya riga ya fito fili ne, kamar sanarwar gwamnati ko farashin da aka yanke yau. Wannan kuwa jiyo abin da bai iso ba ne, abin da ba a sanar ba tukuna. Abokin cinikin naku yana so ku baza kunne ku ji ƙishin-ƙishin: ko manoman Bokkos da Mangu sun fara haƙar dankali, ko ciwon da ke ƙone ganyen dankali in ruwa ya yi yawa ya shiga gonaki, ko kuɗin mota zai tashi, ko kaya na shirin cika kasuwa farashi ya faɗi. Irin labarin da direba da dillali da ɗan dako ke riga kowa ji.

Ga yadda ake gina shi, don yaron ya kiyaye in zai mayar da amsa. Kunne ɗaya ne, "ear", domin ba ya yiwuwa mutum ya kara kunnuwa biyu a ƙasa lokaci guda. "To the ground" ake cewa, ba "on the ground" ba. Aikatau kuma "keep" ko "have". Zai iya rubutawa: "I will keep my ear to the ground and let you know before the price changes." Wato zan kasa kunne, zan sanar da kai kafin farashi ya sauya. Wanda ya ce "put your ears on the ground" ya yi kuskure fiye da ɗaya a guntun zance ɗaya.

Sai dai Alhaji, abin da kunne ya jiyo a ƙasa alama ce, ba tabbas ba. Turawa suna da wani salon na daban, "I heard it through the grapevine", wanda suke faɗa in labarin jita-jita ne daga baki zuwa baki, kuma mai faɗar haka yana nuna cewa bai tabbatar ba. Mutanen Jos sun fi kowa sanin abin da jita-jita ke iya yi: saƙo ɗaya na waya ya isa ya sa a rufe shaguna, iyaye su ruga makarantu ɗauko yara. Wannan abu yana damun mu ƙwarai. In labarin kasuwa ne, ku ji daga mutum biyu da ba tare suke ba kafin ku zuba kuɗi. In na tsaro ne, kada a tura wa kowa sai an ji daga wanda ke wurin ko daga hukuma.

Tambaya: "Up to date" ko "up-to-date"? Daga wata mai shagon buga takardu a Terminus.

Amsa: Hajiya, duka biyun daidai ne, wurin zamansu ne ya bambanta. In ya zo gaban sunan da yake siffantawa, a sa masa karan ɗori: "an up-to-date list". In ya zo bayan aikatau, a bar shi haka: "The list is up to date." Kada kuma a haɗa shi da "up till date" da ake yawan rubutawa a nan da nufin "har zuwa yau". Daidaitaccen Turancin wannan shi ne "to date" ko "until now".

Tambaya: A imel ɗin ofis ina ganin "keep me in the loop", "keep me posted" da "keep tabs on". Zan iya musanya su? Kuma zan iya rubuta wa daraktanmu irin haka? Daga wani matashin ma'aikaci a Bukuru.

Amsa: Ba za ka musanya su ba, kuma na ukun ma yana da haɗari. "Loop" zagaye ne, a nan kuma da'irar mutanen da labari ke kewayawa a tsakaninsu. Wanda ke "in the loop" ana sanar da shi, wanda ke "out of the loop" an bar shi a duhu. Ya yi kusa da "ana damawa da shi", sai dai wanda ake damawa da shi yana da ta cewa, na cikin "loop" kuwa wataƙila sani kawai yake yi. Ka lura a nan wani ne ke riƙe da labarin, shi zai sa ka ko ya cire ka. A aikace, ma'anarsa a sa adireshinka a layin CC na imel, wato layin waɗanda ake tura wa kwafin saƙo, ko a saka ka a zauren WhatsApp na aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne "on the loop" ko "in loop". Dole "in", dole "the".

"Keep me posted" ya fi sauƙi: ka riƙa sanar da ni yadda ake ciki. Tushensa aikin akanta ne, inda "post" ke nufin shigar da lissafi cikin babban littafi domin ya kasance daidai da ranar. Ya fi dacewa da abu guda da ake jiran sakamakonsa, kamar mara lafiya a asibiti ko fayil da ke kan teburin wani. Ba shi da alaƙa da sauya wa ma'aikaci wurin aiki, ko da yake kalmar ɗaya ce.

"Keep tabs on" sa ido ne. Ana yi wa kuɗin da ake kashewa, ana yi wa kaya a sito. In aka yi wa mutum, akwai ƙanshin rashin yarda a ciki. Ka rubuta wa darakta "I will keep tabs on you", ka ce masa za ka riƙa bin diddiginsa ke nan.

Game da na gaba da kai, ka yi aiki da tarbiyyar da ka taso da ita. Ba ka ce wa mahaifinka ko hakimi "ka riƙa sanar da ni". "Keep me in the loop" da "keep me posted" umarni ne, daga sama suke saukowa ko tsakanin tsara. Kai abin da za ka rubuta shi ne "I will keep you informed, sir." In kuma kai ke buƙatar labarin, ka roƙa: "I would be grateful to be informed of the outcome." A takardar da za ta shiga fayil, bar "loop" da "posted" gaba ɗaya, na imel da baki ne. "Informed" da "abreast of" su ne na takarda.

Tambaya: Na gama karatun akanta, ina da ganawar neman aiki. An ce suna yawan tambaya, "How do you keep abreast of developments in your field?" Me zan ce? Daga wata 'yar'uwa a Rikkos.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Suna tambayar ta wace hanya kike sanin sababbin abubuwa a fanninki, kuma kalmar da ta fi muhimmanci ita ce "how". Yawancin masu neman aiki a nan suke zamewa: sai su ce suna karatu sosai, ko suna duba intanet. Wannan kowa zai faɗa, ba ya nuna komai.

Ki gina amsar a kan abu uku, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki fara da majiya biyu ko uku da sunansu, waɗanda da gaske kike dubawa: sanarwar Babban Bankin Nijeriya, sanarwar hukumar haraji, da abin da ƙungiyar ƙwararrun akantoci ke fitarwa, ICAN ko kuma ANAN mai kwaleji a Kwall a nan Filato. Sai ki faɗi sau nawa: kullum da safe, ko kowace Asabar. Na uku shi ne mai nauyi, ki kawo sauyi guda da kika sani, da abin da ya canja a aikin akanta saboda shi. Ga irin misalin da muke nufi: a watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A kayan naira 200,000, harajin ya tashi daga 10,000 zuwa 15,000, don haka akantan da bai bibiya ba zai rubuta takardar kuɗi da giɓin naira 5,000, kuma kamfani ne zai cike. Wannan ya tsufa, mun kawo shi ne don ki ga siffar amsar. Ke ki nemo na watannin nan, ki karanta shi daga takardar hukumar kanta, ki riƙe ranar da ya fara aiki.

Ba dole ne ki maimaita salon a amsarki ba. In za ki yi, sau ɗaya a farko: "I keep abreast of changes in three ways." Daga nan ki shiga bayani da gajerun jimloli. Kada ki ce "I keep my ear to the ground" a wannan wuri, domin a aikin kuɗi zai sa a ɗauka da ji-ta-ji-ta kike aiki. Kada kuma ki ambaci mujalla ko shafin da ba ki taɓa buɗewa ba, domin tambayar da ke biye kusan kullum ita ce me kika karanta a ciki kwanan nan. Ki rubuta amsar a takarda, ki faɗe ta da ƙarfi sau biyar kina duba agogo, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, musamman ki ji ko "of" ɗin nan ya fito.